HANNUNKA JARINKA: JAWABI GA SAMARINMU MASU ƊAGA ƘARFE

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan 'yan kasuwarmu, mai sana'ar albasa a Anaca, ya gabatar a wajen taron da ƙungiya ta kira domin samarinmu na Fatakwal da Anaca da Inugu. Mun buga shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.)



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu lafiya, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Masu girma sarakunan Hausawa, iyayenmu limamai da malamai, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, 'yan uwana 'yan kasuwa, da ku ƙannena da 'ya'yana samari, ina yi wa kowa barka da zuwa. Waɗanda suka taso daga Fatakwal da Inugu tun da asuba, sannunku da hanya, Allah Ya ba da ladan zumunci.

Da shugaba ya ce ni zan yi magana a kan safar hannun da yaranmu suke sawa wajen ɗaga ƙarfe, sai da na yi dariya. Na ce ranka ya daɗe, ni ba likita ba, ba malamin wasanni ba, iyakar karatuna Islamiyya, me na sani? Ya ce ai kai ka fi kowa ƙorafi a kan abin, sai ka zo ka yi shi a gaban jama'a. To ga ni. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, wanda na yi kuskure malamai da masu ilmin zamani suna nan, sai su gyara mini.

Dalilin ƙorafin nawa kuwa shi ne, a bara ɗan ƙanena da yake zaune a wurina ya zo ya ce, “Baba, a taimaka mini da kuɗin safar hannu.” Na ce sanyi kake ji a garin nan da ko hunturun kirki ba a yi? Ya ce a'a, ta jim ce. Na ce mene ne jim? Ya ce wurin motsa jiki. Na bi shi na ga wurin. Wani kango ne a bayan layinmu, an cika bokitan fenti da kankare an soka bututun ƙarfe a tsakani, ga tsofaffin ƙarafan mota an yi musu walda, ga benci na katako. Samari sun fi goma sha biyar, kusan kowa da baƙar safa mai yankakkun yatsu, ana ta nishi. Ban hana shi ba, na ba shi kuɗin. Bayan wata biyu aka kawo mini shi cikin Keke, ba ya iya miƙewa. Wai da ya sa safar sai ya ji hannunsa ya daina zafi, shi ke nan sai ya ƙara nauyi, ya sake ƙarawa, har bayansa ya amsa. Sati shida yana kwance, shagon da yake tsare mini sai yaron maƙwabci na roƙa. Tun daga ranar na shiga tambaya, na tambayi masu koyar da abin, na tambayi ma'aikatan asibiti, na tambayi dukawa. Abin da na samo shi zan ba ku.

NI MA DA HANNU NA FARA

Kafin nan, samari, ku dubi tafin hannuna. Kun ga wannan kantar? Ta fi da yawanku shekaru. Na sauka garin nan a 1990 da 'yar jakata, ban san kowa ba sai wani ɗan garinmu. Dako na fara a bakin gada, inda ake sauke kayan Arewa. Albasar Aliero, wake, masara, duk na ɗauka. A lokacin gammo muka sani, ba mu san wata safa ba. Da kuɗin dako na sayi baro, da kuɗin baro na fara sayen buhu ɗaya ina kasawa, har Allah Ya kawo ni inda nake. Manyan da kuke gani a kujerun gaban nan, ku tambaye su, mafi yawa haka suka faro, wani a Ogbete, wani a Mile 1, wani a mayanka.

Saboda haka in na ce hannu shi ne jarin baƙo, na san abin da nake faɗa. A gida in ka ji ciwo akwai gonar gado, akwai ɗakin uwarka, akwai mai kawo maka koko da safe. A nan Kurmi ranar da hannunka ya tsaya, ranar cinikinka ya tsaya, kuɗin haya kuwa bai san ka ji ciwo ba, waɗanda ka baro a gida kuma suna jiran aike. Don haka ni ban ɗauki maganar safar hannu ƙaramar magana ba.

Kuma kada wani ya fita ya ce Alhaji ya ce motsa jiki haramun ne. Ban faɗa ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, kuma addini ya yabi mumini mai ƙarfi. Mu kanmu Hausawa da kokawa da dambe muka tashi. Wa bai ji labarin Shago ba, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa? Yaron da ya tashi daga kasuwa ya tafi ya ɗaga ƙarfe ya yi gumi ya dawo ya yi barci, wallahi ya fi mini wanda ya tafi bayan tasha ya zauna da 'yan shaye-shaye. Abin da nake so shi ne a yi abin da sani.

ABIN DA SAFA TAKE YI

Amfanin safar nan guda uku ne na gane. Na farko, tana shiga tsakanin fatarka da ƙarfe, sai bororo da kanta su ragu. Sandar ƙarfe ta ainihi an yi mata kaushi kamar na magagari a wurin riƙo don kada ta zame, wannan kaushin yana cin fata, balle namu bututun na kango mai tsatsa da tabon walda. Na biyu, tana shan gumi. Wanda yake Fatakwal ya san yadda iskar garin take da laima, kana tsaye ma kana jiƙewa, ƙarfe kuwa in ya ji gumi santsi yake yi. Na uku, akwai mai ɗamara da ake naɗewa a wuyan hannu, tana taimakawa kada wuyan hannu ya lanƙwashe baya lokacin da mutum yake tura nauyi sama. Yatsun kuma an yanke su ne da gangan, don mutum ya riƙa jin ƙarfen, iska kuma ta shiga.

Iyakarta ke nan. Ba ta ƙara maka ƙarfi ko na kilo ɗaya. Hasali ma in ta cika kauri rage maka riƙo take yi. Ku gwada ku gani: ku riƙe ƙotar fartanya, sannan ku riƙe taɓarya, wanne hannu ya fi damƙa? Duk abin da ya ƙara kauri, yatsu ba sa zagaye shi sosai. Sandar da ake gasa da ita a duniya nauyinta kilo 20 ne ta maza, kaurinta milimita 28, ta mata kuma kilo 15, kauri milimita 25. An auna wannan kaurin ne daidai damƙar hannu. In ka sa safa mai soso a ciki ka ƙara wa sandar kauri ke nan da kuɗinka.

Abu mafi haɗari shi ne wanda ya sami ɗana. Zafin da tafin hannu yake yi wani ɗan aike ne, yana gaya maka ka kai iyakarka ta yau. Safa tana toshe bakin ɗan aiken nan, alhali kuwa ba ta san gadon bayanka ba, ba ta san kafaɗa ba, ba ta san gwiwa ba, ba ta hana ƙaba sauka. Fata tana warkewa cikin sati guda ko biyu. Baya in ya taɓu, wani har ya tsufa yana fama.

MANYAN ABIN BA SA SAWA

Wani abin da ya ba ni mamaki da na bincika, waɗanda suka fi kowa ɗaga nauyi a duniya, mafi yawansu da hannu tsirara suke yi. Ku kalli gasar Olamfik a waya ku gani. Kafin mutum ya hau dandamali sai ya tsoma hannu cikin wani farin gari kamar alli, sunansa magniziyam kabonet, aikinsa ya busar da gumi. Sai ya naɗe babban yatsa da filasta, ya kwantar da shi a jikin sandar, ya danne shi da sauran yatsu, ya zama kamar ƙugiya. Da wannan riƙon ake ɗaga abin da ya ninka nauyin mutum biyu.

Kuma ba sai mun je Turai neman misali ba. Ruth Ogbeifo ta ciyo wa Nijeriya lambar azurfa a gasar Olamfik ta Sidni a shekarar 2000. Ku mutanen Inugu, 'yar garinku ce Lucy Ejike, wadda shan-inna ta kama tun tana ƙarama, a keken guragu take, amma ta ciyo zinare a gasar naƙasassu ta duniya a 2004 da 2008 da 2016. A ta 2016 ɗin, a birnin Riyo na Barazil, tana kwance a benci ta tura kilo 142, ita kuwa tana ajin masu nauyin kilo 61 ne. Ku lissafa, kusan buhun siminti uku ke nan. A wannan gasar Nijeriya ta samo zinare 8, guda 6 daga ɗaga ƙarfe suka fito. Waɗannan mutane shekaru suka yi suna ƙara nauyi kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin mai koyarwa. Sannu ba ta hana zuwa.

To, in haka ne, a jefar da safa ke nan? A'a. Su sandarsu mai kyau ce, kuma ɗaga ƙarfen shi ne sana'arsu. Kai kuwa tela ne, ko mai gyaran waya, ko mai yankan farce, ko mai shayi, gobe da safe da wannan hannun za ka riƙe allura ko ka miƙa wa mutane burodi. In bututunku mai tsatsa ne, ko hannunka mai yawan gumi ne, ko sana'arka ba ta son kaushin hannu, sa safarka. Sai dai ka san don fata ka sa ta, nauyin da za ka ɗauka kuma kada ya wuce wanda za ka iya ɗauka ba tare da ita ba.

IN ZA KA SAYA

Yanzu bari in yi magana a matsayina na ɗan kasuwa, nan ne fagena.

Da farko ka san girman hannunka. Ka je wurin tela ya zagaya tafin hannunka da tef, daidai gindin yatsu huɗu, ban da babban yatsa. Safa ta kama hannu cif, kada ta yi tattara a tafi in ka dunƙule, don wannan tattarar ita take haifar da bororon da kake gudu. Kada kuma ta matse har yatsu su yi sanyi ko su riƙa tsitstsira. In ta fata ce ka tuna tana saki bayan an sa ta kwana biyu.

Na biyu, ka juya cikinta ka dubi ɗinki, musamman tsakanin babban yatsa da manuni, nan take fara yagewa. Ka ja ɗinkin ka gani. Ka murza tafin, in ka ji kamar leda, ko ka kankara da farce ka ga yana ɓarewa, roba ce aka yi wa fenti, wata guda ba za ta yi ba. Araha ba ta ado. Mai siririn tafi mai ƙwari ta fi mai tulin soso.

Na uku, kuma wannan ya shafe mu musamman, akwai safar da ake yi da fatar alade, ta motsa jiki da ta aiki duka, don tana da laushi da araha. Yadda ake gane ta, ka kai ta haske ka duba da kyau, za ka ga ƙananan ramukan gashi sun jeru uku-uku, kamar duwatsun murhu. Fatar akuya da ta saniya ba haka suke ba. In da takarda a jiki, wanda ya yi boko ya karanta maka. Abin da muka karanta a wurin malamanmu na Malikiyya shi ne jima ba ta tsarkake fatar alade, ga shi kuma abu ne da za ka jiƙa da gumi. Malam Liman yana nan, wanda yake son ƙarin bayani ya same shi. Wanda ya kasa bambancewa ya sayi ta yadi ko ta roba ya huta. Har ila yau, ba a shafa a kan safar hannu wajen alwala kamar yadda ake yi a kan huffi, sai an cire an wanke hannu har gwiwa.

Na huɗu, masu sayen ta gwanjo, ba laifi, ni ma na sa gwanjo. Amma a wanke da sabulu a shanya ta bushe ƙarau kafin a sa. Kuma don Allah a daina karɓa-karɓa. Na ga yara biyar suna amfani da guda ɗaya, wannan ya cire tana ɗiga wancan ya zura. Makero da ƙazuwa haka suke yawo. Bayan an gama kada a cusa ta cikin jaka a bari sai gobe, a garin da damina take kai wata bakwai ko fiye, fumfuna za ta yi. A juya cikinta a rataye inda iska take. Ta fata ba ta son rana mai zafi, bushewa take ta tsage.

KULA DA HANNUN KANSA

Ko da safa ko babu, yadda ka riƙe ƙarfe shi ne kan gaba. In jawowa za ka yi, ko ɗagowa daga ƙasa, sandar ta zauna a gindin yatsu. In ka sa ta a tsakiyar tafi, nauyi zai jawo ta ƙasa ta tattaro fata ta matse, nan kanta take fitowa har ta yage. In turawa za ka yi, ta zauna a dunduniyar tafi, saitin ƙashin hannu, wuyan hannu a miƙe. Kuma wanda ya kwanta a benci, babban yatsansa ya zagaye sandar, sannan lalle wani ya tsaya a kansa. Akwai masu jera babban yatsa tare da sauran wai ya fi daɗi. Ranar da ta zame, a ƙirji ko a maƙogwaro za ta sauka, safa kuma ba za ta tare ta ba. Kada wanda ya kwanta ƙarƙashin ƙarfe shi kaɗai a kango.

Kanta in ta yi daidai garkuwa ce, in ta yi tudu ita take yagewa. A jiƙa hannu a ruwan ɗumi, a goge ta da dutsen goge kaushi, a shafa man kaɗanya da dare. Kada a yanke da rezar da wani ya yi amfani da ita. In fata ta yage, a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta a rufe, a huta wa ƙarfe har ta warke. Man birki da fetur da ruwan batir da nake gani ana zubawa a ciwo a tasha, wallahi ba magani ba ne, ƙona nama suke yi. In ƙarfe ne ya yanke ka ko ƙusa ta soke ka, ka je asibiti a yi maka allurar tetanus, wato ciwon nan mai sanƙarar da jiki ya datse haƙora. Ƙwayar cutar a ƙasa da ƙura da kashin dabbobi take, ku dubi inda muke aiki, kara da mayanka da bola.

Waɗannan bokitan kankare kuma, ku kai su kan sikelin masu hatsi ku auna. Na auna na su ɗana, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya da kusan kilo uku. Wata da watanni yaro yana ɗaga abu a karkace, ina baya zai zauna lafiya?

WAƊANDA SUKA FI BUƘATAR SAFA

Jama'a, ga inda abin ya fi damuna. Yaron da yake ɗaga ƙarfe na awa ɗaya don nishaɗi yana da safa. Ɗan dakon da yake ɗaga kaya tun daga asuba har magariba ba shi da ita. Haka mai tura baro, da mai sauke bulo, da 'yan gwangwan masu tona tsofaffin ƙarafa da fasassun kwalabe da hannu tsirara. Su ne 'yan ɗaga nauyi na gaskiya a cikinmu, kuma a kansu cinikinmu yake tafiya.

Sai dai kowane aiki da irin tasa. Safar jim mai yankakkun yatsu ba ta yi wa ɗan gwangwan komai ba, don a kan yatsa ake yankewa, shi mai kauri mai rufe hannu duka yake buƙata. Mai kwaɓa siminti ta roba doguwa zai sa, domin jiƙaƙƙen siminti yana cin fata kamar soda, in kuwa ta yadi ko ta fata ya sa, shanye ruwan za ta yi ta riƙe masa shi a jiki, gara ma babu. Mahauta akwai wadda ake saƙawa da zaren ƙarfe, ana sa ta a hannun da yake riƙe nama. Amma mai aiki a injin niƙa ko injin markaɗe, ko duk wani inji mai bel yana juyawa, kada ya kuskura ya sa safa kowace iri ce. Injin in ya kama bakin safar, da hannun zai tafi.

Mu 'yan kasuwa kuma mu ji tsoron Allah game da girman buhu. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada a ɗora wa namiji baligi shi kaɗai abin da ya wuce kilo 55. Buhun siminti kilo 50 ne. Namu na masara da wake kilo 100 ne, na albasa kuwa kun san yadda muke yi masa hula har ya fi haka. Ni na ɗauka, kuma ni ne yau nake ɗora wa 'ya'yan wasu, ban cire kaina ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a bar mutum biyu su kama, ko a sa baro.

ƘWAYA DA ALLURA

Ba zan sauka ban taɓa wannan ba, don a wurin ɗaga ƙarfe ake koyonsa. Akwai masu shan tiramadol wai don kada su ji gajiya, 'yan dako ma suna yi. Wannan ita ce babbar yayar safa wajen toshe bakin ɗan aike: jiki yana kuka, kai ba ka ji, ga kamu, ga farfaɗiya da take jawowa in an yawaita. Kun tuna a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda ya cinye samari, musamman a Arewa. Akwai kuma allura da ƙwayoyin kumbura ƙwanji da ake sayarwa a ɓoye. Likitoci sun tabbatar suna taɓa hanta da zuciya, suna hawar da jini, suna shanye 'ya'yan maraina har haihuwa ta yi wuya. Saurayin da bai yi aure ba ya yi wa kansa wannan, don a ce masa ƙato?

Ku ɗauki darasi daga Mariam Usman. A gasar Olamfik ta Beijin a 2008 ta zo ta biyar. Shekaru takwas bayan nan aka sake gwada fitsarin 'yan wasan da aka ajiye, aka kama biyu daga cikin waɗanda suka sha gabanta da ƙwaya, aka ƙwace lambobinsu, tagulla ta dawo hannunta.

Sannan ƙarfin da kuka tara, ku san inda za ku kai shi. Duk lokacin zaɓe akwai masu zagayawa suna neman samari masu ƙirji. Mu baƙi ne a nan, yaro ɗaya in ya yi faɗa a tasha, unguwa guda ake tasa. Waɗanda suke Anaca a watan Fabrairun 2006 sun san abin da muka gani. Ni a ranar, bayan ikon Allah, maƙwabcina ɗan ƙabilar Ibo ne ya ɓoye ni a shagonsa har aka samu hanyar bariki. Zaman lafiyar da muka yi da shi shekara da shekaru shi ya amfane ni, alhali a lokacin ina iya ɗaga buhu da hannu ɗaya.

FATA TAMU, SAFA TA WASU

Abu na ƙarshe, na kasuwa ne. Na karanta takardun da suke jikin safofin nan, in ba Sin ba to Pakistan, can akwai wani gari Siyalkot da ya shahara da ɗinkin ƙwallo da safar hannu. Fatar kuwa wa ya fi mu? Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tun zamanin fatake ake ketare Sahara da fatarta, Turawa suna kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su. Har yanzu kamfanonin jima na Kano, a Challawa da Sharaɗa, suna fitar da fata zuwa Italiya da Sifen. A Samarun Zariya akwai cibiyar gwamnati ta koyar da aikin fata. Ga Aba nan kusa da mu, tsakanin Fatakwal da Inugu, masu ɗinkin takalma da jaka na Ariaria ba abin da ba sa iya kwaikwaya. Muna da majema, muna da dukawa, mu ne kuma muke kawo dabbobin Kudu. Me zai hana a ɗinka safar aiki da ta motsa jiki da fatar akuyar da muka san Musulmi ne ya yanka? Mai saye ya huta da duba ramuka uku-uku, yaranmu kuma sun samu sana'a.

Don haka ina roƙon ƙungiya abubuwa huɗu. Ɗaya, kowane reshe ya sa dattijo guda ya riƙa leƙa wuraren da yaranmu suke motsa jiki, a auna ƙarafan, a nemo wanda ya san abin ya koya musu riƙo da tsayuwa, kuma a tashi in an kira salla. Biyu, duk ɗan kasuwar da yake da yaran dako ya saya musu safar da ta dace da aikinsu, kuɗinta bai kai ribar buhu ɗaya ba. Ni na fara da nawa su shida. Uku, a nemi ma'aikatan lafiya su zo unguwa a yi wa 'yan gwangwan da mahauta da 'yan dako allurar tetanus. Huɗu, a zaɓi yara ko biyu ne daga kowane gari a tura su koyon aikin fata, ni na ɗauki nauyin kuɗin motar na Anaca.

Shi ɗan nawa ya warke, alhamdu lillahi, ya koma kangonsu. Yana sa safarsa, amma ya rage nauyin da rabi, kuma ba ya kwanciya a benci sai da mutum a kansa. Yana cikin ɗakin nan, ba zan nuna shi ba don kada ya ji kunya.

 In na ɓata wa wani rai a yafe mini. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya da masu masaukinmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya shirya mana zuriya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.